Idan Kwamfutar Gida Ta Ƙi Tashi Bayan Sabunta Kanel: Shawarwari Goma Sha Biyu

Abin yakan faru ne kamar haka. Da yamma wani ɗan saƙo ya leƙo a gefen allo yana cewa akwai sabbin gyare-gyare, wani a gidan ya danna amincewa, kwamfuta ta sauke abin da za ta sauke, aka kashe ta aka kwanta. Gari ya waye aka kunna, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko wasu fararen layukan Turanci su yi ta gudu su tsaya cak. Ga yarinya tana jiran buga aikin makaranta, ga lissafin shagon maigida a ciki, ga hotunan biki da suna na shekara da shekaru. Nan take sai a ce, "Shi ke nan, ta mutu."

Galibi ba ta mutu ba, kuma kayanku suna nan inda kuka bar su. Abin da ya samu matsala shi ne kanel, wato ɓangaren tsarin kwamfuta da ke shiga tsakanin ƙarfen na'ura da manhajojin da kuke amfani da su. Shi ke magana da allo da maɓallai da rumbun ajiya, wanda muke kira had dis, da katin wayafai. Kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finlan, kusan duk bayan mako tara zuwa goma ake fitar da sabonsa, ban da ƙananan gyare-gyaren tsaro da ke zuwa a tsakani. Wannan magana ta ƙara kusanto gidajenmu tun daga 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba. Da yawa daga cikin laftof ɗin tokumbo da ke hannun mutane ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi ya sa wasu ke komawa nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint. A kansu zan fi yin bayani, amma akwai rabon masu Windows a gaba.

1. Kada ku yarda a yi fomat.

Da wannan na fara domin a nan ake asarar da ba ta da magani. Wata ƙanwata tana shekarar ƙarshe a jami'a laftof ɗinta ta ƙi tashi bayan irin wannan sabuntawa. Ta kai wa wani mai gyara, ya duba na 'yan mintuna, ya ce sai an sake zuba mata tsari. Ta ce to, don ba ta san abin da hakan ke nufi ba. Da yamma aka miƙo mata kwamfuta tana aiki sumul, amma babu babi uku na furojet ɗinta, babu bayanan da ta yi wata biyu tana tarawa a ƙauyuka. Na ga yadda ta zauna ta yi shiru a tsakar gida, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, don na san da minti biyu a jerin zaɓin tashi za a iya dawo da ita ba tare da an taɓa ko fayil ɗaya ba.

Sabunta kanel ba ya shiga inda takardunku da hotunanku suke. Fomat shi ke shiga. Duk wanda ya ce muku babu hanya sai gogewa, ku ce masa a fara kwashe kayan ciki tukuna.

2. Ku dakata, ku karanta allon, ku ɗauki hotonsa da waya.

Tashin farko bayan sabuntawa yakan ɗauki lokaci, musamman a tsohuwar na'ura mai rumbu mai juyawa. Ku ba ta kamar minti goma kafin ku yanke hukunci. Idan ba ta motsa ba, ku zare duk abin da ke jone da ita, filash ne ko firinta ko katin ajiya, ku danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ku sake kunnawa sau ɗaya. Kashewa da kunnawa sau goma ba ya gyara komai, yana ma iya ɓata abin da ke rumbu.

Kwamfuta tana tashi ne hawa-hawa. Da farko tambarin kamfanin da ya ƙera ta, HP ko Dell ko Lenovo. Daga nan wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB ta ɗauko kanel tare da wani ƙunshin kayan aiki da ake kira initramfs. Su biyun su buɗe rumbu, sannan allon shiga ya bayyana. Inda ta tsaya shi ke gaya muku inda ciwon yake. Idan ko tambarin kamfani bai fito ba, ko fanka ba ta juya ba, to ba kanel ba ne, ku duba caja da batir da ƙwaƙwalwar RAM. Idan kun ga "Kernel panic", musamman tare da "Unable to mount root fs", ƙunshin nan ne bai haɗu daidai ba. Idan kun ga kalmar initramfs da ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran rubutu, ku je shawara ta 7. Idan kuwa tambarin Ubuntu ko Mint ya fito sannan allo ya yi baƙi, yawanci direban allo ne, shawara ta 6 ke nan.

Hoton da kuka ɗauka ya fi duk bayanin baki. "Wani rubutu ya fito" ba ya taimakon mai taimako da komai.

3. Ku koma tsohon kanel, yana nan.

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce amfani, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. Uwargida ba ta fasa tsohon tulu sai ta ga sabon ya riƙe ruwa. Haka Ubuntu da Mint da Debian suke yi: idan sabon kanel ya zo, suna barin na baya a ajiye. Fedora ma uku yake riƙewa. Aikinku kawai ku gaya wa kwamfutar ta tashi da na jiya.

Ana yin haka ne ta jerin zaɓin tashi na GRUB. Ku kunna ta. Da zarar tambarin kamfani ya wuce, ku danne maɓallin Shift ku riƙe, idan tsohuwar na'ura ce mai BIOS. Idan ta zamani ce mai UEFI, ku danna Esc sau ɗaya. Lokacin danna shi ne wahalar, kuna iya gwadawa sau biyu ko uku kafin ku dace. Idan kun danna Esc da yawa za ku faɗa wani baƙin allo mai rubutun grub da alamar kibiya. Kada hankalinku ya tashi. Ku rubuta normal, ku danna Enter, sannan ku taɓa Esc sau ɗaya, jerin zai fito.

A cikin jerin ku sauka da maɓallin kibiya zuwa layin da ya fara da "Advanced options", ku danna Enter. Za ku ga layuka bibbiyu, kowane kanel da nasa, ɗaya na tashi na yau da kullum, ɗaya mai "recovery mode" a ƙarshensa. Na sama shi ne sabon da ya kawo matsala. Ku tsallake shi da abokinsa, ku zaɓi mai ƙaramar lamba na ƙasa da su, wanda ba shi da "recovery mode". Misali idan na sama 6.8.0-45 ne, na ƙasa kuma 6.8.0-44, to na biyun za ku ɗauka.

Idan allon shiga ya bayyana, kun ci rabin yaƙin. Irin haka ta faru da mutane da yawa a Janairun 2018, lokacin da aka yi gaggawar toshe ɓarakar tsaro da aka sa wa suna Meltdown a cikin na'urorin Intel. Kanel mai lamba 4.4.0-108 na Ubuntu 16.04 ya hana wasu kwamfutoci tashi. Waɗanda suka san wannan jeri sun koma na baya suka ci gaba da aikinsu, ba a jima ba kamfanin Canonical mai Ubuntu ya fitar da 4.4.0-109 wanda ya gyara kuskuren.

Masu Arch Linux su kam kanel ɗaya tsarin ke bari, sai idan sun saka na biyu mai suna linux-lts da kansu. Ban ga dalilin saka Arch a kwamfutar da dukan gida ke dogaro da ita ba.

4. Da ta tashi, ku kwashe kayanku kafin komai.

Ba gyara ne na farko ba. Ku jona filash ko rumbun waje, ku kwafe takardu da hotuna da duk abin da zai sa ku kuka idan ya ɓata. Sai an gama wannan a taɓa sauran.

5. Ku binciki abu biyu da suka fi jawo wannan: ɗaukewar wuta da cikar wuri.

A wajenmu, a ganina, laifin kanel ɗin kansa kaɗan ne. Abin da ya fi yawa shi ne sabuntawar ba ta kai ƙarshe ba. An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, batirin laftof ɗin kuma ya daɗe da mutuwa, ko janareto ya shaƙe, ko wani ya ga abin ya daɗe ya rufe murfin. Kanel ya sauka amma ba a gama haɗa masa ƙunshinsa ba, ya zama kamar an aza bango ba a yi rufi ba.

Ku buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ta hanyar danna Ctrl da Alt da T tare. Ku fara da wannan don ku san kanel ɗin da kuke kai:

uname -r

Sannan ku sa tsarin ya ƙarasa aikin da ya bari:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

Zai nemi kalmar sirrinku. Yayin da kuke rubuta ta, a wasu kwamfutocin ba za ku ga komai a allo ba, ko tauraro. Haka aka tsara shi, ku rubuta ku danna Enter.

Abu na biyu shi ne wuri. Kanel da ƙunshinsa suna zama a wata ma'ajiya mai suna boot, wadda a wasu kwamfutocin ƙaramin kaso ne da aka yanka daban a rumbu. Idan tsofaffin kanel sun taru suka cika ta, sabon ba zai samu wurin zama cikakke ba. Ku duba da:

df -h /boot

Idan kun ga ta kai kashi 95 ko 100 cikin ɗari, ku rage da sudo apt autoremove --purge, wanda ba ya taɓa kanel ɗin da kuke kai a lokacin. Ku karanta jerin abin da zai cire kafin ku amince. Kada ku shiga ma'ajiyar da hannu kuna goge fayiloli don sunansu ya yi muku kama da tsoho. Na ga wanda ya goge wanda yake tsaye a kai.

Daga nan ku rubuta ls /boot ku duba. Kowane fayil mai farawa da vmlinuz ya kamata ya sami abokinsa mai farawa da initrd.img, lambarsu ɗaya. Idan sabon ba shi da aboki, kun gano ciwon. Ku haɗa masa, kuna sa lambar da ke taku kwamfutar a madadin ta misalin nan:

sudo update-initramfs -c -k 6.8.0-45-generic

sudo update-grub

A Fedora kayan aikin da ke wannan hidima sunansa dracut. Bayan haka ku sake kunnawa ku bar ta ta gwada sabon.

6. Idan baƙin allo ne, ku tuhumi direban allo.

Wasu direbobi ba a cikin kanel suke zuwa ba, daban ake ɗora su, kuma duk lokacin da kanel ya canza sai an sake ɗinka su daidai jikinsa. Wani tsari mai suna DKMS ke wannan ɗinki a ɓoye. Idan ya gaza, kwamfuta za ta tashi amma ba ta da bakin magana da allo. Katin hoto na NVIDIA ya fi shahara da wannan, sai katin wayafai na Broadcom da ke cikin tsofaffin HP da Dell da yawa, wanda shi kuma alamarsa ita ce kwamfuta ta tashi lafiya amma intanet ya ɓace.

Ku fara danna Ctrl da Alt da F3. Idan wani allon rubutu ya fito yana neman sunanku da kalmar sirri, tsarin yana raye, fuskarsa ce kawai ba ta fito ba. Daga nan za ku iya shiga ku ba da umarnin shawara ta 5.

Akwai kuma dabarar wucin gadi. A jerin GRUB ku tsaya a kan layin farko ku danna harafin e. Ku nemo layin da ya fara da linux, wanda a kusa da ƙarshensa akwai quiet splash. Ku ƙara kalmar nomodeset bayansu, da tazara a tsakani, sannan ku danna F10. Hoto zai iya fitowa manya-manya ba kyau, amma za ku shiga. Wannan canji na tashi ɗaya ne, ba ya zama, don haka babu abin tsoro ko kun yi kuskure. Idan kun goge quiet splash ɗin gaba ɗaya, kwamfutar za ta nuna muku duk abin da take yi har zuwa layin da ta maƙale, shi ma abin ɗauka a hoto ne.

Da kun shiga, dkms status zai nuna ko an ɗinka direban ga sabon kanel. A Mint ku buɗe Driver Manager, a Ubuntu kuma Additional Drivers, ku zaɓi wanda aka ba da shawara. Idan an taɓa nuna muku wani shuɗin allo mai "Enroll MOK" kuka wuce shi, mai yiwuwa tsarin tsaro na Secure Boot ne ke hana direban shiga don bai san sa hannunsa ba. Sake saka direban yakan dawo da wannan allon, a wannan karon ku amsa masa.

7. Idan ta tsaya a initramfs, ku tambaye ta dalili.

Ku rubuta exit ku danna Enter. Sau da yawa za ta faɗi abin da ke damunta, har da sunan kason rumbun da ya hargitse, kamar /dev/sda2, ta ce a yi masa fsck da hannu. Wannan ma ɗan gidan ɗaukewar wuta ne. Sai ku rubuta, da sunan da ta ba ku:

fsck -y /dev/sda2

Ku bar shi ya gama, ku rubuta reboot. Idan ya gyaru sau ɗaya, madalla. Idan kuwa bayan kwana biyu abin ya dawo, ya sake dawowa, ko kuna jin wani ƙas-ƙas daga cikin na'urar, rumbun ne ke gab da mutuwa, sabuntawar ta zo ne kawai a kan gaɓa. Ku kwashe kaya a ranar, ku nemi sabo.

Wani abu da ke rikita mutane a tsofaffin na'urori shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe saitin BIOS. Idan ya mutu, agogo ya koma wata tsohuwar shekara, saiti ya sauya, kwamfuta ta daina ganin rumbunta yadda ta saba. Idan kun lura kwanan wata yana ɓacewa duk lokacin da aka kashe ta, ku canza shi, ba shi da tsada.

8. Ku ajiye filash mai ɗauke da Linux a gida.

Idan tsohon kanel ma ya ƙi, ko jerin GRUB bai fito ba sam, ta waje za a shiga. Ana bukatar filash mai gigabait 8 da wata kwamfuta mai lafiya. A sauke fayil ɗin Ubuntu ko Mint daga shafinsu, a zuba shi a filash da manhajar Rufus ko balenaEtcher ko Ventoy. Zubawar tana goge duk abin da ke filash ɗin, ku tabbata babu kayan kowa a ciki. Fayil ɗin yana da nauyi, gigabait da dama ne, shi ya sa ya fi kyau a yi wannan tun ana lafiya, lokacin da aka sami data mai araha ko wayafai na makaranta ko ofis.

Ku jona filash ɗin, ku kunna kwamfuta kuna danna maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a galibin laftof ɗin Asus. Ku zaɓi filash. A nan ku buɗe ido sosai. Ubuntu zai tambaye ku ko "Try" ko "Install". Na farko za ku zaɓa, wato gwaji, wanda ba ya taɓa rumbunku. Mint shi kai tsaye yake buɗewa a yanayin gwaji, sai dai akwai alamar sakawa a kan allo, ku ƙyale ta.

Ku buɗe ma'ajiyar fayiloli, za ku ga rumbunku a gefe. Ku shiga home, ku shiga sunanku, ga kayanku nan. Idan kun kulle rumbun da kalmar sirri lokacin saka tsarin, zai nemi ita. Ku kwashe.

Gyara daga nan iri biyu ne. Mai sauƙi shi ne manhajar Boot Repair, wadda ke cikin filash ɗin Mint tun asali, tana da maɓallin gyaran da aka ba da shawara. Mai zurfi kuma shi ne a shiga cikin tsarin da ya kwanta daga waje, a ba shi umarni kamar yana tsaye. Ana fara gano sunayen kason rumbu da lsblk -f. Babban kaso mai ext4 shi ne gidan tsarin, ƙarami mai vfat shi ne na EFI. A sababbin na'urori sunan yakan zama kamar nvme0n1p2 maimakon sda2. A misalin da babban yake sda2, ƙaramin kuma sda1:

sudo mount /dev/sda2 /mnt

sudo mount /dev/sda1 /mnt/boot/efi

sudo mount --bind /dev /mnt/dev

sudo mount --bind /proc /mnt/proc

sudo mount --bind /sys /mnt/sys

sudo chroot /mnt

Idan boot tana da nata kason daban, ita ake fara ɗorawa a /mnt/boot kafin na EFI. Daga nan sai a maimaita umarnin shawara ta 5, a rubuta exit, a kashe, a zare filash. Ba na ganin laifi idan a wannan mataki kuka kira wani ɗan'uwa da ya saba da Linux ya zauna kusa da ku. Kuskuren harafi ɗaya a sunan kaso yana iya sa a yi aiki a inda ba a nufa ba.

9. Idan sabon kanel ne da kansa bai jitu da na'urarku ba, ku zauna a tsohon na ɗan lokaci.

Wani lokaci komai ya sauka daidai, amma sabon yana da kuskuren da ya shafi irin na'urarku. Ba sai kun riƙa farautar Shift kullum ba. Ku buɗe fayil ɗin saiti da sudo nano /etc/default/grub, ku mayar da layin GRUB_DEFAULT ya zama GRUB_DEFAULT=saved, ku ƙara sabon layi GRUB_SAVEDEFAULT=true, ku adana da Ctrl da O, ku fita da Ctrl da X, sannan sudo update-grub. A galibin kwamfutoci daga nan za ta riƙa tuna wanda kuka zaɓa na ƙarshe. Masu Mint suna da hanya mafi sauƙi: a cikin Update Manager akwai sashen Linux Kernels, inda za a cire mai matsalar da danna maɓalli.

Amma kada zaman ya zama na dindindin. Yawancin waɗannan sabuntawa ɓarakar tsaro suke toshewa, kuma kwamfutar da ake shiga banki da ita ba ta kamata ta shekara a kan tsohon kanel ba. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan wani sabo ya zo, ku gwada shi.

10. Masu Windows, da masu tsari biyu a na'ura ɗaya.

Windows ma yana da kanel, kuma shi ma yakan faɗi. A ranar 19 ga Yulin 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a matakin kanel, ya kwantar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya. Manhajar ta kamfanoni ce, ba ta gidaje ba, amma abin lura shi ne maganin: shiga ta yanayin "Safe Mode" a goge fayil ɗaya. Ba fomat aka yi ba.

A gida, idan Windows ya ƙi tashi bayan sabuntawa, ku kunna, da tambarinsa ya fito ku danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Ku yi haka sau biyu ko uku, zai buɗe shuɗin allon gyara da kansa. Ku bi "Troubleshoot", sai "Advanced options", sai "Uninstall Updates", ku cire na baya-bayan nan. Ku yi nesa da "Reset this PC" har sai kun kwashe kayanku.

Masu Windows da Linux tare suna da nasu ciwon. A Agustan 2024 wani gyaran Windows ya hana Linux tashi a na'urori da dama, da saƙon "Verifying shim SBAT data failed". Hanyar fita ita ce a shiga saitin BIOS a kashe Secure Boot na ɗan lokaci, a tashi Linux a sabunta shi. Sai dai kafin ku taɓa Secure Boot, ku tabbata kuna da mabuɗin BitLocker, lambobi 48 da yawanci ke ajiye a asusunku na Microsoft. Idan Windows ya kulle rumbu ya nemi wannan mabuɗi ba ku da shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe muku.

11. Idan za ku kai ta wurin mai gyara, ku tafi da sharaɗi.

Masu gyara da yawa sun ƙware a Windows, ba su saba da Linux ba, kuma ba aibi ba ne mutum ya ce bai sani ba. Ku tambaye shi kai tsaye, "Malam, ka taɓa gyara Linux?" Ku nuna masa hoton allon, ku gaya masa bayan sabuntawa abin ya fara. Sannan ku faɗa da baki ƙarara: ba a goge komai sai an kira ku. Idan da hali, a kwashe kayan a gabanku zuwa rumbun da kuka zo da shi. Akwai hotunan iyali da takardun sirri a ciki, bai kamata su kwana a hannun da ba ku sani ba.

12. Ranar da ta warke, ku shirya wa karo na gaba.

Ku sa doka a gida cewa mutum ɗaya ke sabunta kwamfuta, kuma ba a yi sai batir ya cika ko wuta ta tabbata. Idan ta tebur ce marar batir, ƙaramin UPS ya wadatar a ƙarasa aiki idan an ɗauke. Kada a sabunta a daren da za a miƙa furojet ko a jajibirin rajistar jarrabawa, a bari sai ranar da ko ta ƙi tashi akwai sararin zama a kanta. Bayan sabuntawa a sake kunna ta nan take a gani, kada a bari sai wani ya tarar da abin da safe bai san me aka yi ba.

Ku zaɓi fitowar da ake daɗewa ana kula da ita. Ubuntu yana fitar da irin wannan mai alamar LTS duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, da kulawar shekara biyar, kuma Mint a kansu yake gini. Ku kunna Timeshift, wanda ke zuwa da Mint, ya riƙa ɗaukar hoton tsarin domin a iya komawa jiya idan yau ta ɓaci. Ku sani dai tsarin yake adanawa, ba takardunku da hotunanku ba, su sai kun kwafe su daban.

A cikin wancan fayil na /etc/default/grub ku mayar da GRUB_TIMEOUT_STYLE ya zama menu, GRUB_TIMEOUT kuma 5, ku yi sudo update-grub. Daga ranar jerin zai riƙa fitowa da kansa na daƙiƙa biyar a kowane tashi, ba sai an nemo shi ba. Sannan ku kira yaran gidan da uwargida, ku nuna musu layin "Advanced options" da yadda ake sauka zuwa tsohon kanel, kowa ya gwada da hannunsa sau ɗaya. Filash ɗin nan kuma ku manna masa takarda mai suna, ku rubuta maɓallin zaɓen tashi na kwamfutarku a jiki, ku sa shi cikin jakar da ake ajiye takardun haihuwa da na makaranta, inda ba wanda zai ɗauka ya zuba waƙoƙi a kai.